Zazzaɓin Masu Jego a Asibitin Vienna: Yadda Wanke Hannu Ya Riga Ganin Ƙwayar Cuta

A tsakiyar ƙarni na 19, babban asibitin birnin Vienna na ƙasar Ostiriya yana da sassa biyu na karɓar haihuwa. A sashe na farko ake koyar da ɗaliban likitanci, a na biyu kuma ake horar da ungozomomi. Ana karɓar mata ne bi da bi, yau wannan sashe, gobe wancan. Matan birnin sun san bambancin sassan biyu sarai. Akwai masu durƙusawa suna roƙon kada a kai su sashe na farko, akwai masu gwammace su haihu a kan hanya. Abin da suke gudu shi ne zazzaɓin masu jego: kwana biyu ko uku bayan haihuwa sai jiki ya ɗau zafi, ciki ya kumbura, mugunya ta taru, sau da yawa rai ya yi halinsa. A shekarar 1846, mata 459 ne suka rasu a sashe na farko daga cikin 4,010, a na biyu kuwa 105 daga cikin 3,754.

A wannan shekara aka naɗa Ignaz Semmelweis, wani matashin likita ɗan ƙasar Hungari, mataimaki a sashe na farko. Masana na wancan zamani sun ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska. To amma iska ɗaya sassan biyu ke shaƙa, kuma na ungozomomi ya fi cunkoso. Sai ya ɗauki zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa. An ce ƙararrawar limamin coci mai zuwa wa masu gargara addu'a ce ke firgita mata. Ya sa aka daina kaɗa ta, mace-macen ba su ragu ba. Ya sauya yadda ake kwantar da mai naƙuda, nan ma haka.

A watan Maris na 1847 abokinsa, Farfesa Jakob Kolletschka, ya rasu bayan da wuƙar wani ɗalibi ta yanke shi suna cikin feɗe gawa. Da Semmelweis ya karanta rahoton binciken gawarsa, sai ya tarar da irin ɓarnar da yake gani a jikin masu jego. Nan ya gano bakin zaren. Likitoci da ɗalibai kan fara aikin safe a ɗakin feɗe gawa, daga nan su zarce su duba mata masu naƙuda, warin gawa na nan a hannuwansu ko da sun yi amfani da sabulu. Ungozomomi kuwa ba ruwansu da gawa. A tsakiyar watan Mayu ya wajabta wa kowa wanke hannu da ruwan sinadarin kulorin, wanda ya zaɓa saboda shi ke kashe warin. A watan Afrilu, fiye da kashi 18 cikin 100 na masu haihuwa a sashen suka rasu. A watan Yuli adadin bai kai kashi 2 ba.

Duk da haka manyan likitoci ba su karɓa ba. Dalili na farko, ba shi da abin da zai nuna musu. Abin da ya kira ɓurɓushin gawa ba wanda ya taɓa ganinsa. Na biyu, yarda da maganarsa na nufin likita ya amsa cewa hannunsa ne ya yi ajalin matan da ya duba. Shi ma ya yi jinkirin rubutu, littafinsa bai fito ba sai 1861. An ƙi sabunta masa aiki a 1849, ya koma birnin Pest, ya kuma rasu a gidan masu taɓin hankali a Vienna ranar 13 ga Agustan 1865, yana da shekara 47.

Hujjar da ya rasa daga ɗakin gwaje-gwaje ta fito. A Faransa, Louis Pasteur ya nuna cewa ƙananan halittu masu rai ne ke jawo ruɓewa. Joseph Lister, likitan tiyata a birnin Glasgow, ya yi aiki da wannan ilimi, ya fara wanke raunuka da sinadarin kabolik a shekarar da Semmelweis ya rasu. A 1879 Pasteur ya ciro ƙwayar bakteriya daga jinin masu jego marasa lafiya, ya zana siffarta a allo gaban likitocin birnin Paris: ƴan dunƙule-dunƙule jere kamar carbi, wadda ake kira streptococcus. Gani ya kori ji. A Jamus, Robert Koch da abokan aikinsa suka ƙware wajen renon bakteriya a kan daskararren abinci domin a ware kowane iri daban. Hans Christian Gram ya fito da hanyar rina su a 1884, Julius Petri kuma ya kawo ɗan farantin da har yau ake renonsu a ciki a 1887.

Ɗakin gwaje-gwaje ya kuma gyara wa Semmelweis wani abu. A 1935, a birnin Landan, Dora Colebrook ta nuna cewa sau da yawa ƙwayar na fitowa ne daga hanci da maƙogwaron masu karɓar haihuwa da na mutanen gida, ko da su kansu lafiyarsu ƙalau. Wannan ya ƙarfafa amfani da takunkumin fuska da safar hannu, da kuma nisanta ma'aikaci mai ciwon maƙogwaro daga ɗakin haihuwa.

Daga wannan tarihi tsarin kare majinyata a asibitocin yau ya samo ginshiƙansa uku: ƙidayar waɗanda suka kamu a kowane sashe, tsaftace hannu da kayan aiki, da kai samfurin jini ko mugunya ɗakin gwaje-gwaje domin a san ƙwayar da maganin da ke jinta. Na ukun ya ƙara nauyi yanzu da wasu bakteriya ke bijire wa magunguna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware 5 ga Mayu na kowace shekara domin tunatar da ma'aikatan lafiya tsaftar hannu, jami'ar likitanci ta birnin Budapest kuma tana ɗauke da sunan Semmelweis tun 1969.