Windows Ko Linux: Tarihin Rigimar Farashin Uwar Garke A Ƙananan Ofisoshi

Duk lokacin da aka zo maganar haɗa uwar garke a ofis, tambaya ɗaya ce take fara fitowa: wai wacce babbar manhaja ce ta fi araha, Windows ko Linux? Tambayar nan ta haura shekara 25 ana yin ta, kuma kamfanoni sun zubar da maƙudan kuɗi don amsar ta faɗo gefensu. Bari mu koma baya mu ga yadda aka faro.

Ga wanda bai sani ba, uwar garke ita ce kwamfutar nan da ake ajiyewa a lungu, ba wanda yake zama a gabanta, amma sauran kwamfutocin ofis duk wurinta suke zuwa neman fayil, firinta da saƙonnin imel. Idan aka ɗora mata shafuka irin na intanet waɗanda ma'aikata kaɗai ke iya buɗewa, to an samu intanet ɗin cikin gida kenan.

A farkon shekarun 1990, sarkin wannan fage shi ne kamfanin Novell na jihar Utah a Amurka, da manhajarsa NetWare. Manhaja ce mai juriya, sai ta yi watanni ba a kashe ta ba. Amma yadda ake sayar da ita shi ne abin lura: da ƙidayar kai. Akwai ta mutum 5, ta 10, ta 50, ta 100. Idan ta mutum 10 ka saya, muddin goman suna ciki, na 11 ba shi da ƙofar shiga, sai dai ka koma ka biya kuɗin hawa mataki na gaba.

Microsoft ya shigo da Windows NT a 1993, sai dai NT 4.0 ta 1996 ce ta karɓe kasuwa, domin fuskarta irin ta Windows 95 ce, wadda ma'aikata sun riga sun saba da ita. Shi ma bai bar ƙidayar kai ba, salo kawai ya canza. Ka sayi manhajar uwar garke, sannan ka sayi lasisin shiga, wanda ake kira CAL, ga masu amfani da ita. Kamar ka sayi bas ce da kuɗinka, a ce kuma kowace kujera sai ka biya mata haraji kafin fasinja ya zauna.

A shekarar 1996 ɗin aka yi wani abin da ya tona asirin farashin. Ana sayar da NT iri biyu: Workstation mai araha, wadda lasisinta ya taƙaita ta ga haɗi 10, da Server mai tsada. Sai wani injiniya, Mark Russinovich, ya bankaɗo cewa zuciyar manhajojin biyu ɗaya ce, saituka biyu ne kawai a cikin rajistar Windows suke gaya mata wacce ce ita. Wato ba ƙarfin manhaja mutane ke biya ba, izini suke biya. Abin dariya, bayan shekara 10 Microsoft ya saye kamfanin Russinovich ya ɗauke shi aiki.

A ɗaya gefen kuma, wani abu na ta girma ba tare da talla ba. Linus Torvalds ya saki Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. A 1992 Andrew Tridgell na Ostareliya ya fitar da manhajar da daga baya aka sa wa suna Samba, a 1995 kuma Apache ta fito. A ganina Samba ce ta fi yi wa Microsoft illa a ƙananan ofisoshi, domin ita ce ke sa kwamfutar Linux ta yi shigar uwar garken Windows. Ma'aikaci zai buɗe fayil ɗinsa kamar kullum, bai ma san tsohuwar kwamfutar da aka yi wa ritaya ce ke ba shi ba. Ba lasisin shiga, ba ƙidayar kai. Matsalar ɗaya ce: sai an samu wanda ya iya rubuta umarni a baƙin allo, kuma a lokacin irin waɗannan mutane ba su da yawa. Shi ya sa a 1998 kamfanin Cobalt ya fito da Qube, wani ɗan shuɗin akwati mai Linux a ciki wanda ake saitawa ta burauza. Ya yi farin jinin da a 2000 Sun Microsystems ya saye kamfanin a kan wajen dala biliyan 2.

Microsoft bai yi barci ba. Tun 1997 ya haɗa kunshin Small Business Server don ƙananan kamfanoni, da iyakar mutum 25, daga baya 50, sannan 75. Wadda ta fi shahara ita ce ta 2003. A dala 599 ka samu Windows Server, da Exchange na imel, da SharePoint wanda ya zo da shafin cikin gida a shirye, da lasisin mutum 5. Ka ji kamar araha ko? To yi lissafi. Kowane ƙarin mutum kusan dala 100 ne. Ofis mai ma'aikata 20 zai ƙara wajen dala 1,500, ka ga kuɗin kawuna ya ninka kuɗin kwalin fiye da sau biyu.

Da aka ga ba za a iya kayar da kyauta a farashin kwali ba, sai aka sauya filin wasa, aka koma maganar jimillar kuɗin riƙe na'ura na tsawon shekaru. A 2002 kamfanin bincike na IDC ya fitar da rahoton da Microsoft ya ɗauki nauyi, wanda ya ce a tsawon shekara 5 Windows 2000 ta fi Linux araha a ayyuka huɗu cikin biyar, Linux ta yi nasara ne kawai a ɗaukar shafukan yanar gizo. Daga nan aka buɗe gangamin talla mai suna Get the Facts. Wani tallan ya ce Linux ta ninka Windows tsada sau 10. A 2004 hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta yanke cewa tallan zai iya yaudarar mutane, domin an gwada Linux a kan ƙatuwar na'urar IBM mai tsadar gaske, ita kuwa Windows a kan kwamfuta mai masarrafar Intel. Ai ko yaro ya san wannan ba awo ba ne.

Amma fa a yi adalci, akwai gaskiya ɗaya a rahoton IDC: mafi girman kaso na kuɗin ba na manhaja ba ne, na albashin masu kula da ita ne. Mai kamfanin da ya girka Linux kyauta, sannan yaron da ya saita masa ya samu wani aiki ya tafi da kalmar sirri a kansa, shi zai ba ka labarin tsadar kyauta.

Kuma su ma mutanen Linux ba su bar abin haka ba. A 2003 Red Hat ya tsayar da Red Hat Linux, ya mayar da hankali kan ta kamfanoni mai biyan kuɗin shekara-shekara. Masu ƙaramin ƙarfi suka koma CentOS, wadda kwafinta ce ta kyauta. A Disambar 2020 aka sanar cewa CentOS 8, wadda aka yi alkawarin kula da ita har 2029, za ta tsaya a ƙarshen 2021. Ba wanda aka caja ko sisi, amma kowa sai da ya biya da kwanakin ƙaura zuwa Rocky Linux, AlmaLinux, Debian ko Ubuntu.

Small Business Server kuwa a 2012 aka rufe babinta, aka nuna wa ƙananan kamfanoni hanyar Office 365, inda ake biya kowane wata a kan kowane ma'aikaci. Ƙidayar kan da Novell ya yi ce ta dawo, sai dai yanzu ba ta ƙarewa. Shi kansa Novell tun 2003 ya sanar da sayen SUSE Linux, a 2011 kuma aka saye shi.

Mu a nan akwai abu biyu da ya kamata mu ƙara a lissafin. Na farko dala: lasisi da kuɗin wata duk da ita ake yanka su, mu kuwa da naira ko sefa muke ciniki. Na biyu wuta. Tsohuwar uwar garke ta gwanjo mai jan wat 200, idan tana kunne dare da rana, za ta sha sama da yunit 1,700 a shekara. Ƙaramar kwamfuta mai jan wat 15 kuwa, da Debian da Samba a kanta, yunit 130 ne, kuma ta ishi ofis mai mutum 10 ajiyar fayil da shafin sanarwa, ƙaramar inbata ma za ta riƙe ta idan an ɗauke wuta. Idan kuma manhajar lissafin kuɗin da kamfaninka ya dogara da ita ba ta tashi sai a kan Windows Server, to ka sa kuɗin lasisin shiga na kowane ma'aikaci a kasafinka tun ranar farko.