Motar da ke da tobo: Aikin da mai ita zai iya yi da hannunsa

Duk wanda ya leƙa wurin dillalan motoci a Abuja ko Kano ko Kaduna a 'yan shekarun nan, zai lura cewa injuna suna ƙara ƙanƙancewa, amma ƙarfinsu bai ragu ba. Honda Accord ƙirar 2018 ta zo da inji mai lita 1.5 da ke ba da ƙarfin dawaki 192, alhali wadda ta gabace ta, mai lita 2.4, ƙarfin dawaki 185 take bayarwa. Sirrin yana ga wata na'ura da ba ta wuce girman ƙaramar ƙwarya ba, wadda direbobi da bakanikai ke kira tobo. Ita ce a cikin Mercedes C300 daga ƙirar 2015, da Lexus NX 200t, da motocin Ford masu tambarin EcoBoost, da na Volkswagen masu TSI, da Hilux mai amfani da dizal. Hatta Land Cruiser ta ajiye injinta mai silinda takwas a 2021, ta koma mai shida da tobo biyu.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ƙaramin inji ya ƙara farin jini. Sai dai da yawa daga cikin masu sayen waɗannan motoci suna riƙe su ne kamar yadda suka riƙe tsohuwar Fijo 504, kuma a nan asarar take farawa. Ba kasafai tobo ke mutuwa don kansa ba. Galibi baƙin mai marar kyau ne ke kashe shi, ko ƙura, ko zafi, kuma duka ukun suna hannun mai mota.

Yadda yake aiki

Farfela biyu ne a kan sandar ƙarfe guda. Hayaƙin da inji ke fitarwa, kafin ya wuce salansa, shi ke juya ta farko. Ta biyun kuma tana zuƙo iska ta matse ta, ta tura cikin inji. Idan iska ta yi yawa a silinda, ana iya ƙona fetur mai yawa, ƙarfi ya ƙaru. Da yake iskar da aka matse kan yi zafi, sai ta bi ta wani lagireto na musamman, wato intakula, ta huce kafin ta shiga. Akwai kuma wata 'yar ƙofa da ke karkatar da wani ɓangare na hayaƙin idan matsin ya kai iyakar da aka tsara.

Wani injiniya ɗan ƙasar Siwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1905, amma sai a 1962 ta shiga ƙananan motocin kasuwa a Amurka, ta hanyar Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair.

Alƙaluma biyu sun isa su nuna irin wahalar da na'urar ke sha. Inji ba ya cika wuce juyi 6,500 a minti guda, amma sandar ƙaramin tobo tana iya haura juyi 200,000. Hayaƙin da ke bugun farfelar kuma, a injin fetur, zafinsa kan haura digiri 900. A cikin wannan hali, abin da ya raba sandar da bushin da take juyawa a ciki, wani siririn shafin baƙin mai ne kawai.

Baƙin mai

Saboda haka aikin farko, wanda ya fi kowane muhimmanci, shi ne juyen baƙin mai da canza filtarsa, kuma wannan aiki ne da mutum zai iya yi a ƙofar gidansa da sufana da mazubi da roba ta tara tsohon mai.

Abu na farko shi ne kaurin man. Littafin mota, ko murfin wurin zuba mai, yana ɗauke da lamba irin su 0W-20 ko 5W-30. Lambar da ke kafin harafin W tana nuna yadda man ke gudana yana da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa bayan inji ya ɗau zafi. Akwai wata tsohuwar fahimta a garejinmu cewa ƙasarmu ta zafi ce, don haka 20W-50 ne ya dace da kowace mota. Wannan ya yi daidai a zamanin kafireto. A injin zamani, hanyoyin mai ƙanana ne, bututun da ke kai wa tobo mai kuwa bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Mai mai kauri yana jinkirin isa wurin idan an tayar da mota da safe, kuma a cikin waɗannan daƙiƙoƙi ne sandar ke cin bushin. Idan littafin ya ba da zaɓi fiye da ɗaya gwargwadon yanayi, a zaɓa daga cikinsu. Kada a fita daga jerin.

Na biyu shi ne ajin man. A jikin galan za a ga API da wasu haruffa. Injin fetur mai tobo da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda yana da wata cuta: wani lokaci fetur kan kama wuta tun kafin filogi ya ba da tartsatsi, musamman idan inji na juyawa a hankali aka taka totur da ƙarfi. Bugun da ke biyo baya yana iya fasa fistin. An gano cewa sinadaran da ke cikin baƙin mai suna da hannu a ciki, shi ya sa aka fito da ajin SN Plus a 2018, sannan SP a 2020. Mai irin wannan mota ya nemi ɗaya daga cikinsu ko wanda ya biyo bayansu, kuma ya saya a wurin da ya amince da shi, domin jabun mai a cikin galan mai kyau ba baƙon abu ba ne a kasuwa.

Game da tazarar sabis, littattafan motoci kan ware wani jadawali na dabam ga motar da ke aiki cikin ƙura, ko gajerun tafiye-tafiye, ko yawan tsayuwa inji na aiki. Ma'aikacin da ke tashi daga Nyanya zuwa sakatariya cikin cunkoso, da ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin gida da Kantin Kwari, duk suna cikin wannan rukuni, ko da suna ganin ba sa wahalar da motarsu. A ganina kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, ya fi aminci. A riƙa zare ma'aunin mai duk mako. Idan man yana ƙaruwa maimakon raguwa, kuma yana warin fetur, alama ce fetur na gangarawa cikinsa yana tsinka shi.

Akwai ɗabi'u biyu da ba sa cin ko sisi. Idan an tayar da mota, a ba ta kamar rabin minti kafin a motsa, sannan a tafi a hankali har inji ya ɗau zafi. Idan kuma an dawo daga doguwar tafiya da gudu, a bar inji yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin a kashe. Da zarar an kashe, famfon mai ya tsaya, man da ya rage a cikin tobo mai zafi sai ya ƙone ya zama gawayi, a hankali ya toshe hanya. Wasu motocin suna da ƙaramin famfon lantarki da ke ci gaba da zagaya ruwa bayan an kashe su, wannan ne ƙarar da ake ji daga ƙarƙashin bonet. Ita kuwa al'adar nan ta taka totur sau ɗaya da ƙarfi sannan a murɗa makulli, a daina ta gaba ɗaya: farfela za ta ci gaba da gudu babu mai.

Iska da ƙura

Farfelar da ke zuƙar iska ta alminiyam ce, kuma a irin gudun da take yi, ƙwayar yashi tana yi mata abin da sanfefa ke yi wa katako. A lokacin hunturu, da hazo ya sauko, a duba filtar iska kowane wata. A ɗaga ta sama a kalli haske ta cikinta, idan ba a gani, ta gama aiki. Kai ta wurin mai faci ya hura mata iska mai ƙarfi yana iya yaga takardar ta yadda ido ba zai gani ba, sai ta fito tas a fuska alhali ta zama rariya. A goge cikin akwatin da tsumma mai ɗan laima, a tabbata murfin ya zauna kuma duk maƙallansa sun kama. Kada a bar noti ko tsumma a bakin bututu.

Daga tobo zuwa intakula zuwa inji, tiyo-tiyo ne na roba da maɗaurai. Zafi yana busar da su su tsage. Inda iska ke tserewa yawanci akan ga jiƙon mai da ƙura ta manne a kai. Ɗan laimar mai a cikin waɗannan tiyo ba abin tashin hankali ba ne, amma idan mai ya taru har yana zuba, akwai magana. Kafin a yanke wa tobo hukunci, a duba bawul ɗin da ke fitar da tururin mai daga cikin inji, wanda ake kira PCV, domin idan ya toshe yakan sa tobo mai lafiya ya riƙa zubar da mai.

Ruwa, filogi da fetur

Yawancin tobo na motocin fetur ruwan lagireto ne ke taya mai sanyaya su. Ruwan famfo ko na leda yana kawo tsatsa da dasashi, a zuba kulan irin wanda aka rubuta. Kada kuma a yarda a cire tamostat da sunan maganin zafi, domin kwamfutar mota tana lissafin fetur ne bisa zafin da aka tsara wa injin. Ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi, kuma fankar lantarki tana iya tashi da kanta ko mota a kashe take.

Filogi a injin tobo yana aiki cikin matsi mai yawa, don haka yakan gaji da wuri. A sa mai lambar da aka ƙayyade, a canza inji yana da sanyi, a fara ɗaura shi da hannu kafin a sa sufana, kada zaren kan inji ya lalace. Fetur kuma a riƙa sha a gidan mai da aka sani. Waɗanda suka ga abin da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin methanol ya yi wa motoci a watan Fabrairun 2022 ba sa buƙatar ƙarin bayani.

Wankin inji da ruwa mai ƙarfi, musamman yana da zafi, ya fi kawo matsala fiye da yadda yake magance ta. Tsumma da buroshi sun wadatar.

Alamun ciwo

Shuɗin hayaƙi yana nuna mai na ƙonewa. Baƙin hayaƙi a motar dizal tare da rashin ƙarfi yakan nuna iska na tserewa a wani wuri. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga silinda. Ƙara mai kama da jiniya da ke tashi tare da totur alama ce farfela ta fara taɓa gidanta.

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da mahaɗar OBD a ƙarƙashin sitiyari, kuma akwai 'yar na'ura mai sauƙin kuɗi da ke karanta ta zuwa wayar hannu. Lambar P0299 na nufin matsin iska bai kai ba, P0234 kuma ya wuce kima. Lambar ba ta ce tobo ya mutu ba. Tsagaggen tiyo, ko ƙofar hayaƙin da ta maƙale, ko toshewar matatar hayaƙi da bakanikai ke yi wa laƙabi da indomi, kowanne na iya kawo ta. Mai son tabbatarwa zai iya cire tiyon da ke bakin tobo, inji a kashe kuma da sanyi, ya kama sandar da yatsa. Ɗan motsi kaɗan gefe da gefe daidai ne, muddin farfela ba ta goga gida ba. Motsi ciki da waje kuwa bai kamata a ji shi ba.

Ƙarin kaya

Gyaran da ya cancanci kuɗinsa shi ne wanda ke rage zafi ko datti: tiyon siliko a madadin robar da ta tsufa, maɗaurai masu ƙarfi, mayar da garkuwar zafi da aka cire aka manta, da gwangwanin da ke tare tururin mai kafin ya shiga hanyar iska. Wannan na ƙarshe yana da amfani ga injin da ke fesa fetur kai tsaye, domin fetur ba ya wanke bayan bawul ɗinsa, baƙin dauɗa sai ya taru a can. Sai dai gwangwanin yana son a riƙa juye shi.

Buɗaɗɗiyar filta mai siffar mazurari tana da daɗin ƙara, amma tana zuƙar iskar cikin bonet mai zafi, kuma wasu ba sa tare ƙura kamar ta takarda. Bawul ɗin da ke furzar da iska waje da ƙarar atishawa kuwa yana rikita lissafin motar da ke auna iska tun daga bakin filta. Shi kuma sauya manhajar kwamfuta don ƙara matsi yana ƙara ƙarfi da gaske, amma galibin irin waɗannan manhajoji an rubuta su ne bisa fetur mai ingancin da ba kullum ake samu a famfunanmu ba, kuma nauyin yana sauka ne a kan fistin da giya. Idan motar tana da garanti, zai iya faɗuwa.

Inda ya kamata a tsaya

Bututun fetur na injin da ke fesawa kai tsaye yana ɗauke da matsin da kan kai ba 200, na dizal kuma ya haura ba 1,500, abin da ya isa ya huda fata. Wannan na gwani ne. Haka nan buɗe cikin tobo, domin daidaita nauyin farfela sai da na'ura. Ba a kuma shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai ya riƙe ta.

Idan ta kama dole a canza tobo, mai mota ya tsaya a wurin ya tabbata an gano abin da ya kashe na farko. A canza bututun da ke kawo mai, a duba wanda ke mayar da shi, a wanke intakula daga tsohon mai da ɓarɓashin ƙarfe, a zuba sabon mai da sabbin filtoci. Kafin a ɗaura bututun, a ɗiga mai a cikin sabon tobon a juya sandar da hannu, sannan a bar inji ya yi aiki 'yan mintoci ba tare da an taɓa totur ba.