Baƙin Mai da Juye a Motocin Gida da na Beljiyam: Nazari a Yankin Riko, Ƙaramar Hukumar Jibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta baƙin man da motar da aka harhaɗa a Nijeriya ke buƙata da na motar hannu da aka shigo da ita daga waje (Beljiyam), ta kuma auna su da yanayin Riko da kewayenta. Ta nuna cewa asalin mota ba shi ke zaɓar mata mai ba. Zamanin ƙirar inji, da yawan cinyewarsa, da ƙurar hanya, su ke yanke hukunci.

1.0 Gabatarwa

Riko ɗaya ce daga mazaɓun Jibiya ta jihar Katsina, yankin da babbar hanya ke ratsawa daga Katsina ta Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi. Shekaru da dama motocin da aka sauke a Kwatano sun riƙa hawowa Nijar, su gangaro Nijeriya ta nan. Gwamnatin Tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin tudu daga 1 ga Janairu 2017, ta rufe iyakokin a Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Duk da haka, Golf da Sharan da Corolla na hannu su ke ɗauke da jama'a da kayan kasuwa. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce babbar kasuwarsu.

2.0 Gadon Fijo

Kamfanin Peugeot (Fijo) na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 ce ta horar da mafi yawan tsofaffin kanikawan Arewa. Injinta mai kafireto ne, sararin da ke tsakanin ƙarafunsa na da yalwa, don haka mai kauri irin 20W-50 ya dace da shi, musamman a zafin bazara da ke haura digiri 40. Daga nan ne ƙa'idar gareji ta kafu cewa mai kauri shi ne mai ƙarfi, siriri kuwa ruwa ne. Maigida ya koya wa yaronsa, yaron ya zama maigida ya koya wa nasa. Ƙa'idar ba ƙarya ba ce a kan 504, kuma tana da fa'ida a tsohuwar Golf da ringinta ya ci, domin kaurin yana rage shan mai da hayaƙi. Matsalar ita ce an mai da ita ta kowace mota.

3.0 Injin zamani

Lambar da ke jikin galan tana da ma'ana biyu: ta farko, mai harafin W, tana nuna gudun man lokacin da inji ke da sanyi, ta biyu tana nuna kaurinsa idan ya ɗau zafi. Corolla ta 2003 zuwa 2008 da ake kawowa daga Amurka an tsara ta ne kan 5W-30. Injinta na da tsarin VVT-i, wanda ke amfani da matsin mai wajen sauya lokacin buɗewar bawul, ta ƙananan kafofi masu siririyar rariya. Mai kauri yana jinkirin isa saman inji da safe, a daidai lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Idan kuma aka jinkirta juye, datti ya daskare ya toshe kafofin, sai ƙara ta fara, wutar gargaɗi ta kama, a ɗora wa filogi laifi.

A nan rabon gida da waje ya rushe. Fijo 301 da kamfanin haɗin gwiwar Ɗangote da Peugeot ya soma harhaɗawa a Kaduna a 2022 'yar gida ce, amma injinta na zamani ne, buƙatarsa ta fi kusa da ta Corolla fiye da ta 504.

4.0 Tazarar juye

A ganin mai wannan nazari, lokacin juye ya fi sunan kamfanin mai muhimmanci. Tsarin Volkswagen na Turai yana barin wasu motoci su kai kilomita 30,000 kafin juye, amma da mai na musamman, a kan kwalta mai tsabta. Littattafan kamfanoni da kansu sun ware abin da suke kira aiki mai tsanani: hanya mai ƙura, lodi mai nauyi, gajerun tafiye-tafiye, tsayuwa da inji a kunne. Motar haya da ke zirga-zirga tsakanin ƙauyukan Riko da kasuwar Jibiya ta haɗa su duka, ga burji, ga yashi, ga hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ƙurar da ta tsallake matatar iska tana shiga mai, ta riƙa goge silinda kamar sanfefa. Direban da ya sayi mai tsada ya bar tsagaggiyar matata bai tsira da komai ba, haka wanda ya juye mai ya mayar da tsohuwar filta.

Akwai kuma kuskuren da ba a cika lura da shi ba. Agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Mai mota da ya jira agogo ya ƙara 5,000 ya riga ya ci kilomita 8,000.

5.0 Ingancin man da ake samu

Man awo da ake tsiyayowa daga duro zuwa gora ba ya zuwa da lambar kauri ko tambarin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON, kuma mai saye ba shi da hanyar bambance sabo da wanda aka tace. Tun bayan cire tallafin fetur a Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira, direba kan zaɓi ciko maimakon juye, kuma ba wanda zai zarge shi idan ya san abin da yake kaiwa gida. Sai dai ciko yana mayar da yawan mai ne kawai, dattin na nan a ciki. Ya kamata ƙungiyoyin kanikawa da na direbobi a Jibiya su buga jadawali da Hausa mai nuna irin inji, da lambar mansa, da tazarar juye a mil da kilomita, a liƙa shi a tasha da kowane gareji.