Ina ya kamata tanki da tiyon mai su zauna a motar haɗin gida?

Jama'a masu saurarenmu a Sarkin Yamma, Safo, Gabi da sauran garuruwan Madarunfa, da ƴan uwa da ke karanta mu daga Kano, Agadas, Abijan ko Libiya, ga bayani a kan motocin haɗin gida da muke shiga kullum. Muna nufin motar da bakanike da mai walda suka tayar a garejin Maraɗi: injin wata, shasin wata, a ƙara wa baya tsawo kamar yadda ake yi wa dogon baro, ta kwashi mutane da buhunan gero zuwa kasuwa. Wannan sana'a abin yabo ce. Amma a cikinta akwai wuri ɗaya da ba ya son ganganci, shi ne hanyar da mai yake bi daga tanki zuwa inji.

Abin da ke kamawa da wuta

Fetur, wato esansi, tururinsa ne yake kamawa, ba ruwansa ba. Ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri yana fitar da tururin da zai iya kamawa, balle a zafinmu na watan Afrilu da ke wuce digiri 40. Tururin nan ya fi iska nauyi sau 3 zuwa 4, saboda haka ba ya tashi sama. Kwanciya yake yi a ƙarƙashin kujera da cikin but, yana jiran tartsatsi. Kashi 2 cikin 100 na iskar wuri ya isa wuta ta tashi. Gazuwal ya fi shi haƙuri, sai ya yi zafin da ya wuce digiri 50 yake fitar da irin wannan tururi, amma shi ma in ya ɗiga a kan salansa mai zafi yana kamawa.

Tanki

Tanki a wajen ɗakin fasinja yake zama, a ƙasa, tsakanin manyan ƙarafan shasi, kuma a gaban ƙarfen da ke haɗe ƙafafun baya. Dalili kuwa, nan ne karo ya fi wuyar kaiwa. Manyan kamfanoni ma da tsada suka koyi wannan darasi. Motar Ford Pinto da aka ƙera a Amurka daga 1971 zuwa 1980 tankinta yana bayan wannan ƙarfe, kusa da bamba, in an buge ta daga baya sai ya fashe. A 1978 kamfanin ya kira motoci kusan miliyan 1 da rabi domin a gyara su.

Idan an ƙara wa mota tsawo, a duba kada tanki ya koma ƙurewar baya ko ya leƙo gefe. A ɗaure shi da maɗauri biyu na ƙarfe, a sa roba tsakani don kada girgiza ta goge shi, ba da igiya ko tsohon tif ba. Kada ya zama shi ne ya fi komai kusa da ƙasa, domin hanyoyinmu na ramuka da kututture ne. A sa faranti na ƙarfe marar rami tsakaninsa da inda mutane suke zama. Bakin zuba mai ya fito waje, haka ma ɗan tiyon da tanki yake numfashi da shi. Kuma kada a cika shi maƙil: fetur yana ƙaruwa da kusan kashi 1 cikin 100 duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10.

Jarka kusa da direba

Duk mun san wannan. Tsatsa ko dattin da ke shiga man kwalba na ƴan ruwa-ruwa ya toshe tanki, ko famfo ya mutu, sai a ajiye jarka, wato bido, kusa da ƙafar direba ko a kan rufi, a zura tiyo zuwa kabireta. An ce na kwana biyu ne, sai ka ga an shekara. To, jarkar nan murfinta a buɗe yake, tururi yana cika mota, ga mai sigari, ga wayoyin lantarki tsirara a ƙarƙashin sitiyari. Ta kan rufi kuma, in tiyo ya ciro, mai ba zai tsaya ba ko an kashe inji, zai yi ta zuba har ta ƙare. Wanke tanki da sayen famfo sun fi asarar mota sauƙi, balle rai.

Tiyo, famfo da matata

A bi da hanyar mai ta ƙarƙashin mota, a jikin shasi, a gefen da babu salansa. Bakin salansa da ke jikin inji yana iya wuce digiri 500, fetur kuwa kafin digiri 300 ya kama da kansa ba tare da ashana ba. A bar aƙalla taƙi guda tsakaninsu, inda wuri ya matse kuma a sa faranti na kare zafi. Doguwar hanya da bututun ƙarfe ake yin ta, a kama shi da maƙali kowane santimita 30. Tiyon roba gajere ake sawa, inda inji yake motsi, kuma ya zama na mai. Tiyon ban ruwa fetur yana cin shi, ya bushe ya tsage. Injin zamani marar kabireta yana tura mai da ƙarfin da ya kai kusan bar 3, saboda haka ƙaramin tsagi feshi yake yi, ba ɗiga ba. Shi yana buƙatar tiyo mai ƙarfi da maƙali na kusa, ba ɗaurin waya ba.

Famfon lantarki kusa da tanki ake sa shi, a ƙasa, a waje, da fis ɗinsa, kuma ya mutu da zarar an kashe makulli. Matatar mai kada ta rataya a saman salansa ko kusa da batir. Kada a ɗaure wayar wuta da tiyon mai wuri ɗaya.

Wajen gyara da kuma idan wuta ta tashi

Kafin a taɓa hanyar mai a cire kan batir. Kada a kai wa tanki walda don an ga babu mai a ciki: tankin da ya ƙare shi ne cike da tururi, shi ne yake fashewa. Bayan gyara a tayar da mota a fili, a bi tiyo da ido da hanci. In ana jin warin mai, ba a gama aiki ba.

Idan wuta ta kama, a kashe makulli, a fitar da mutane tukuna, kaya daga baya. Kada a watsa ruwa, fetur yana hawa kansa ya bazu. Rairayi ko tukunyar kashe gobara mai gari su ne magani. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce. Kowa ya yi nisa, kada a zo kallo ko kwasar mai. Ba mu manta da tankar da ta fashe kusa da filin jirgin Yamai a watan Mayun 2019 ba, inda sama da mutum 50 suka rasu, akasarinsu wajen ɗibar mai.

Ku kuma ƴan uwa na waje da kuke aiko kuɗi a haɗa wa ƙane ko ɗa mota, ku nemi a turo muku hoto uku ta WhatsApp kafin ku biya sauran: inda tanki yake, inda tiyo ya bi, da ƙarƙashin kujerar direba. In kun ga jarka, ku ce a koma gareji. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.