Daga Kyauta Zuwa Biya: Tarihin Kuɗin Likita a Ƙasar Magarya

Tun daga samun mulkin kai a 1960 har zuwa farkon shekarun 1990, ganin likita a asibitocin gwamnatin Nijar kyauta ne a hukumance. Amma duk wanda ya yi zamani da wannan kyauta a karkara ya san iyakarta. Za a duba majiyyaci ba a karɓi ko dala ba, sannan a rubuta masa takarda ya je ya nemi maganin da kansa, domin ma'ajiyar asibitin ta daɗe da ƙarewa. Abin ya ƙara tsanani a farkon shekarun 1980, lokacin da farashin yuraniyom ya faɗi, baitulmalin gwamnatin Seyni Kountché ya shiga ƙunci.

Daga waje ne maganar biya ta taso. A 1987 Bankin Duniya ya fitar da rahoton da ya ba ƙasashe matalauta shawarar su riƙa karɓar kuɗi daga marasa lafiya. A watan Satumba na wannan shekara ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako tare da hukumar lafiya ta duniya da UNICEF, suka amince da tsarin da aka sanya wa sunan birnin: a sayar da magani mai rahusa a asibitin ƙauye, kuɗin ya koma asusun da jama'a ke kula da shi, a sake sayo wani.

Nijar ba ta yi gaggawa ba. A 1993 ta yi gwaji a gundumomi biyu, aka bar Illela yadda take domin a kwatanta. A Say, babba kan biya sefa 200, wato dala arba'in, duk lokacin da ya zo da ciwo. A Boboye kuwa an ƙara sefa 200 a kan lanhon shekara, sai majiyyaci ya ba da dala goma kacal a bakin ƙofa. Zuwa asibiti ya ƙaru a Boboye, saboda akwai magani, kuma abin da ake nema a hannu a ranar ciwo bai taka kara ya karya ba. Darasin a fili yake, amma hanyar biya a bakin ƙofa ce ta fi bazuwa bayan dokar 1995, wadda ta shimfiɗa tsarin a faɗin ƙasa. Ga shi kuma a watan Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi, duk maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada.

A nan ne ƙasar Magarya, wadda a lokacin ta haɗa har da Dungas, ta zama abin nazari. Yanki ne mai cunkoson jama'a, gonaki sun tsuke, kuɗi kuma ba sa zama a hannun manomi sai da kaka. Ciwon yara kuwa da damina yake tasowa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa. Wato ana neman kuɗin ne daidai watannin da babu su. Sannan uwa ce ke ɗauke da yaron, amma sau da yawa kuɗin yana aljihun maigida, wanda wataƙila ya tafi cin rani Kano ko Legas.

Talakan karkara bai fito titi a kan wannan ba. Ƙafarsa ce ta ba da amsa. Iyakar Nijeriya na kusa, ga kasuwar Maigatari, ga Babura, ga masu tallan ƙwayoyi da ke yawo kasuwa-kasuwa suna sayar da ɗaya ko biyu gwargwadon abin da ke hannun mutum. Ga mai maganin gargajiya da ke iya jira sai an yi girbi. Asibiti ya zama wurin da ake zuwa in an rasa yadda za a yi, yaro ya riga ya galabaita.

Irin wannan amsa ta ƙafa ba a ƙauye kaɗai ake ganinta ba. A watan Mayun 2004 kamfanin Six Apart na Amurka ya sanya lasisin biya a kan manhajarsa ta wallafa rubutu, Movable Type, wadda ɗaiɗaikun mutane suka saba amfani da ita kyauta. Aka yi ca a kansa, ya sassauta sharuɗɗan, amma da yawa sun riga sun koma WordPress, wadda aka kafa a 2003 kuma lasisinta ya ba kowa damar kwafa da gyarawa. Bambancin shi ne waɗancan sun iske abin da ya kai wanda suka baro, kuma duniya ta ji kukansu cikin 'yan kwanaki. Matar Dogo-Dogo ko Wacha ba ta da inda za ta rubuta nata, abin da ta koma gare shi kuma bai kai ba.

Sai a 2005 aka ga abin da shirun nan ya ɓoye. A watan Maris gwamnatin Tandja Mamadou ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi irin su fulawa, madara da sukari. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, wanda Nouhou Arzika ya jagoranta, ya tsayar da harkoki a Yamai, Maraɗi da Damagaram, har gwamnati ta ja da baya a watan Afrilu. Mutanen birni ke nan, masu rediyo da ƙungiyoyi. A karkara kuwa fari da ɗango na 2004 sun riga sun cinye amfanin gona, gwamnati kuma ta dage a kan sayar da hatsi a farashi mai sauƙi maimakon rabawa, wai kada a ɓata kasuwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyoyin da ba a biyan komai, ta kuma yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a wannan shekara. A shekarar ce ta fara aiki a Magarya. Iyayen da ake zargi da jahilci da ƙin asibiti sai ga su a layi tun da asuba, wasu ma daga tsallaken iyaka.

A ƙarshen 2005 aka mayar da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 aka ƙara awon ciki da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Zuwa asibiti ya ƙaru ƙwarai. Sai dai tsarin ya tanadi asibiti ya yi aikin tukuna, gwamnati ta biya daga baya, biyan kuwa ya riƙa jinkiri na watanni har shekaru, kamar yadda binciken cibiyar LASDEL ta Yamai ya nuna. Ma'ajiyoyi suka sake ƙarewa, takardar sayen magani ta dawo hannun uwa.

An yanke Dungas daga Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. A watan Satumba na 2018, tsakiyar lokacin zazzaɓin cizon sauro, MSF ta sanar cewa yara fiye da 700 ne kwance a sashen yara na asibitin Magarya, kuma kimanin goma ne ke rasuwa kowace rana.