Yadda Aka Kai Dutsen Fir'auna Birnin London

A zamanin nan kayan jirgin ruwa da yawa cikin manyan akwatunan ƙarfe a kan zuba su, waɗanda a ke kira kwantena, masu tsawon ƙafa 20 ko 40. Amma akwai kayan da ba akwatin da zai ci su, sai an yi musu dabara ta daban. Wannan wahala kuwa ta girmi kwantena nesa ba kusa ba. Ga labarin wani kaya irin wannan.

A ƙasar Masar akwai wani dogon dutse sassaƙaƙƙe mai tsini, wanda Fir'auna Tutmos na Uku ya sa aka kafa wajen shekara 1450 kafin haihuwar Annabi Isa. Tsawonsa ya kusa ƙafa 70, nauyinsa ya fi ton 180. Daga baya Rumawa suka mai da shi Iskandariya, can ya faɗi, rairayi ya rufe shi.

Cikin 1819 Muhammadu Ali, mai mulkin Masar, ya ba Ingila shi kyauta. To, kyauta ta samu, amma wa zai ɗauka? Gwamnatin Ingila ta ƙi biyan kuɗin dako, dutse ya yi ta kwanciya har shekara 58.

Cikin 1877 wani likita, Erasmus Wilson, ya ɗauki nauyin aikin da fam 10,000, wani injiniya kuma, John Dixon, ya kawo dabara. Tun da sa dutsen cikin jirgi ya gagara, sai aka gina masa jirgi a jikinsa. Aka kewaye shi da farantan ƙarfe nan inda ya ke kwance, har ya zama wata ƙatuwar ganga mai tsawon fiye da ƙafa 90. Aka mirgina ta cikin teku, aka yi mata ɗakin matuƙa, aka sa mata suna Cleopatra. Ba ta da inji, sai wani jirgi, Olga, ya ja ta.

Ran 14 ga Oktoba, a Tekun Biskay, arewa da ƙasar Sifen, hadiri ya taso, ganga ta karkace. Mutum shida daga Olga suka shiga kwalekwale don su ceci na cikinta, igiyar ruwa ta kifar da su, ko ɗaya bai tsira ba. Da gari ya waye aka kwashe matuƙan, aka bar ganga, ana zaton ta nutse. Ashe tana nan tana yawo bisa ruwa. Wani jirgi ya tsince ta, ya kai ta tashar Ferrol.

Ta isa Kogin Thames cikin Janairu 1878, aka kafa dutsen a bakin kogin ran 12 ga Satumba. Har yau yana tsaye, an kuma rubuta sunayen mutanen nan shida a gindinsa, domin mai wucewa ya san ba kuɗi kaɗai aka biya ba.