Daga Akwatin Rediyo zuwa Wayar Malami

Darasin nazarin zamantakewa bai daɗe a Najeriya ba. A sakandaren Aiyetoro, can ƙasar Yarbawa, aka gwada shi a 1963 da taimakon Amurkawa, sannan taron Mombasa na 1968 ya ba shi gindin zama a Afirka. A nan Arewa, Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ce ta tsaya masa wajen rubuta littattafai da horar da malamai. Manufar tun farko ita ce yaro ya yi tambaya, ya binciki unguwarsu da kasuwarsu da sarautar garinsu.

Yawancin na'urorin da aka riƙa kawo mana, mu malaman wannan darasi, ba su yi wa manufar hidima ba. Magabatanmu sun yi zamanin rediyon makarantu da ake watsowa daga Kaduna: a ɗora akwati a tebur, yara su yi tsit, muryar da ba ta amsa tambaya ta yi ta zuba. Nijar ta gwada talabijin a aji tun 1964. A 2007 aka raba wa yaran firamaren Galadima a Abuja ƙananan kwamfutoci, aka yi ta yayatawa. Kwamfutocin da suka iso makarantunmu daga baya kuwa, rashin wuta da tsoron kada su lalace suka sa aka kulle su a sito. Da korona ta rufe makarantu a Maris 2020 sai aka koma wa rediyo. Ya yi rana, amma nan ma sauraro ne kawai.

Wayar hannun malami ce ta sauya al'amarin, ita da ba wanda ya yi mata kasafi. Ka buɗe Google Earth, yara su ga ganuwar Kano daga sama, su ga inda gine-gine suka cinye ta. Gardama ta kaure a kan wa ke da alhakin kare ta. Ka tura su da wayar gida su ɗauko muryar kaka tana ba da labarin yunwar 1973, ko ta marini a Ƙofar Mata. Yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba, ranar da za a kunna muryar kakarsa shi ne a layin gaba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, daga aljihunsa malami yake sayen data, jarrabawa kuma har gobe ma'anar iyali da ire-irensa take tambaya.